Jirgi Mara Matuƙi

Wani mutum ne a Argungu, sana'arsa fito. Jirgin ba nasa ba ne, na surukinsa ne, Maigandi. Da shi yake tsallakar da masu albasa da masu shinkafa a gulbi, da shi kuma gidaje biyu suke cin tuwo. Ba za a ce mutumin ba shi da tunani ba. Yana da shi, sai dai yakan iso bayan an gama aiki.

Wata safiya ya zo teburin Tamba mai shayi, ya tarar rediyo na magana. Wasan kwaikwayo ake yi, na wata ƙasa da aka ƙaga, wai ita Jamhuriyar Zangarniya. Shi kuwa a tsakiya ya riski shirin, ya ɗauka labarun duniya ne.

Ministan tsaron Zangarniya yana gaban majalisa yana kare ƙudirin yi wa rundunar soja garambawul. Ya ce abokan gaban zamani ba sa zuwa da ƙafa, ta yanar gizo suke kutsowa. Saboda haka za a sallami janar-janar ɗin da tumbi ya hana su ɗaure takalmi, a kafa sababbin runduna biyu, ta yanar gizo da ta jirage marasa matuƙa. Duk wanda ya ƙware a nan, kanar ne nan take. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, saura na uku.

Mutumin ya ajiye kofi.

"Tamba, mi yac ce? Jirgi mara matuƙi?"

"Awo."

"Kuma kanar?"

"Da kunnenka ka ji."

"Wagga Zangarniya, ina take?"

Tamba mutum ne da ba ya son ɓata wa mai ciniki rai da gaskiya tun da safe. Ya ci gaba da fifita shayi, ya ce, "Can gaba da Birnin Kebbi kaɗan."

"Ikon Allah. Ni da nika kwana in tashi cikin jirgi, ai rabin aikin na iya. Abin da ya rage in fita daga ciki."

Ya fara da yanar gizo, don ita ta fi kusa. Yana isa gida ya karɓe tsintsiya daga hannun matarsa Zakiyya, ya ɗaura ta a kan gora, ya faɗa ɗaki.

"Maigida, lahiya?"

"Kauce! Ta nan suka shigowa."

"Su wa?"

"Abokan gaban zamani. Dubi kusurwar can. Shekara nawa muna kwana da kahwar kutse bisa kanmu!"

Ya share ɗaki, ya share zaure, ya shiga rumbu, ya bi bayan randa. Gizo-gizon da suka miƙa wuya ya zuba su a kwalba, ya ce fursunonin yaƙi ne. Zakiyya ta samu tabarma ta zauna. Daga baya ta gaya wa maƙwabta cewa tun da aka fara yin dokoki, ba ta ga wadda ta amfani matan aure kamar ta Zangarniya ba. Har ta nuna masa wajen murhu, ta ce tana zargin akwai 'yan leƙen asiri.

Kashegari sai jirgi. Damina ta yi nisa, gulbi ya cika yana gudu. Goggo, wata tsohuwa mai sayar da kifi, ta iso mashigi da kwandonta za ta tsallaka.

"Goggo, yau kin yi sa'a. Ke za ki hwara shiga jirgi mara matuƙi a ƙasar Kabi."

"Kai ina za ka?"

"Ni ina nan tudu, ina ba shi umarni."

Goggo ta mayar da kwando kanta. "Ɗan nan, Allah shi ba ka lahiya. Ni dai na ga zamani iri-iri, wanga ka bar ni in kalle shi daga nan."

Ya zare filafilin tuƙi daga cikin jirgin, ya kwance igiya, ya yi bismilla, ya tunkuɗa. Sannan ya ƙame ya sara masa.

"Dama!"

Jirgi ya yi hagu.

"Hagu! Abin da nika nuhi ke nan."

Jirgi ya juya sau ɗaya kamar mai sallama, ya miƙe ya bi ruwa.

"Tsaya! Dawo!"

Jirgin ya nuna irin biyayyar da aka san sabon soja da ita in ya hangi ƙofar bariki a buɗe. Kafin wani lokaci ya zama ɗigo, ɗigon ma ya sha kwana.

Goggo ta ce, "To, Kanar, ya tahi hwa."

"Bai tahi ba, Goggo. Ina gulbin ga ya nuhwa?"

"Birnin Kebbi."

"Zangarniya hwa?"

"Ban san ta ba."

"Gaba kaɗan take. Ya riga ni kai rahoto ne."

Ya saɓa filafili, ya sa kwalbar fursunoni a aljihu, ya shiga mota sai Birnin Kebbi. A tasha ya tambayi hanyar Zangarniya, aka nuna masa masu sayar da gero. A unguwar Badariya wani mai babur da ke bin shirin ya gane, ya tausaya, ya sauke shi a ƙofar gidan rediyon.

A gindin bishiya ya tarar da wani siririn mutum da silifa, yana cin ɗanwake. Sirajo ke nan, shi ke rubuta wasan, shi ne kuma ke fitowa a minista. Ya ɗago ya ce, "Malam, wa kake nema?"

Mutumin ya gane muryar. Ya ƙame har filafili ya bugi reshe.

"Ranka shi daɗe, Minista! Ashe garambawul ɗin har kai ya taɓa."

"Wane minista?"

"Na zo karɓar kanar. Yanar gizo na gama da ita, ga fursunoni." Ya dire kwalba kusa da ɗanwake. "Jirgi mara matuƙi kuwa na turo shi tun da hantsi. Ya iso?"

Sirajo ya janye kwanonsa. Ya dubi kwalba, ya dubi filafili, ya ga babu alamar wasa a fuskar baƙon.

"Malam, zauna. Wannan shiri ne. Zangarniya babu ita."

"Babu ita?"

"Babu. Ko a taswira ba za ka same ta ba."

"Jiya-jiya hwa na ji majalisarta na zama!"

"To, yau dai babu ita."

"Sojojin?"

"Babu ko ɗaya."

Mutumin ya dafe kai. "Inna lillahi! Ta yanar gizo sunka shigo, ko? Ai ka gaya musu! Suna can suna karatu na ɗaya, karatu na biyu, kamar masu shirin sauka, har anka cinye ƙasa."

Sirajo ya buɗe baki zai sake bayani, sai ya ga wannan fassarar ta fi tasa saurin kai baƙo tasha. Ya ce, "Sai haƙuri."

"Allah shi maida alheri, Minista. Ka riƙe fursunonin."

Da la'asar ya sauka Argungu. A mashigi ya hangi Maigandi zaune a kan turken da ake ɗaure jirgi, igiya a hannu. Goggo na gefe, ta fasa cin kasuwa don kada a ba ta labari. Masu albasa sun yi layi da buhunansu suna kallon ruwa.

Ya durƙusa. "Baba, barka da yamma."

"Ina jirgina?"

"Baba, ka yi ta'aziyya tukuna. Zangarniya ta hwaɗi."

"Na ce ina jirgina?"

"Haba Baba! Ƙasa guda ta ɓace da majalisarta da janar-janar ɗinta, Minista na zaune gindin icce da silihwa bai yi kuka ba, kai kana zancen jirgi?"

Maigandi ya daɗe yana kallon filafilin da ke kafaɗar surukinsa. Sannan ya naɗe igiya a hankali.

"Wagga doka taku, an ƙare karanta ta?"

"Saura karatu na ukku, Baba."

"To in sun zo karatun, ka tambayo muna rundunar da aka kai matuƙi mara jirgi."