Yadda Aka Mayar da Maƙwabcina Mai Gyaran Agogo

Jama'a, jiya da safe na fito zan kai wayata gyara, sai na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar shagon maƙwabcina Dogo mai gyaran waya, shi kuma yana kan benci ya rafka tagumi. Da wannan ɗan shagon fa yake ciyar da 'ya'yansa da tsohuwarsa. Wai laifinsa yana yin sana'ar da ba tasa ba. Wallahi raina ya ɓaci.

Kun dai tuna bikin da Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya shirya bara, inda ya sanar cewa rajistar shaguna ta koma intanet, "cikin gajimare" inji masanansa. Aka ci, aka sha, aka ɗauki hoto. To Dogo ya shiga shafin nan, ga shi tsaf-tsaf sai sheƙi, ya duba sama da ƙasa bai ga gyaran waya ba. Akwai gyaran rediyo, akwai gyaran keken ɗinki, kai har da gyaran tafireta.

Ni na raka shi ofishin rajistar. Akawun da muka samu, bawan Allah, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce fuskar ce kawai sabuwa. Mai aikin na can ƙarƙashin bene, wata tsohuwar na'ura mai gurnani da aka kafa wa fanka. An sayo ta tun wayar hannu ba ta zo duniya ba, wanda ya san kanta ya yi ritaya, kuma an hana kowa ƙara mata ko wasali kada ta yi fushi ta haɗiye sunayen mutane.

"To ni yaya zan yi, Malam?" inji Dogo.

"Zaɓi gyaran agogo mana. Ai waya ma tana nuna lokaci."

Da babu gara ba daɗi, ya zaɓa. Ashe gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Jami'an bincike na wannan ofishin dai suka zo, takarda ta ce agogo, tebur ya ce waya, suka garƙame shagon. Da ya koma kai kuka, aka ce masa ƙorafi ma yanzu ta intanet ake yi. Wajen wa? Wajen tsohuwar nan ta ƙarƙashin bene, wadda a saninta Dogo bai taɓa riƙe waya ba.

Ranka ya daɗe Mai Girma, mun jinjina maka. Wasu shugabanni sai su ɓata dukiya wajen sauya na'ura, kai kuwa ka gano sauya wa talaka sana'a ya fi araha.

Yanzu haka Dogo na bi gida-gida yana aron matattun agogunan bango, zai jera su a ƙofar shago ko Allah zai sa a cire kwaɗon. Na ba shi namu na falo. Uwargida ta biyo shi har bakin ƙofa tana gargaɗinsa kada ya kuskura ya kwance shi, don ta san bai iya ba.