Fankar da Ba Ta Ko Numfashi

Ni na matsa wa kwamfutata ta riƙa gudu fiye da ƙarfinta, ita kuma ta rama da zafi, fankar cikinta ta dinga ruri. Matata Hauwa ta ce kamar raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, muka ajiye a ɗaki. Maganar ta taɓa ni. Na haye kogi zuwa kasuwar Umdurman, na yini ina kara kunne a jikin fankoki kamar likita, har na zaɓi wata ƙatuwa da mai shago ya rantse ba ta ko numfashi.

Da kaina na ɗaura ta, don irina ba a koya masa aiki. Na kunna. Tsit! Nan take na kira yayan Hauwa, Usman, makaniki a unguwar Alshajara, ya zo ya ga ilimi.

Muna shan shayi na ce, "Yaya, ka ji wani motsi?"

Ya ce, "Motsi ban ji ba, amma ina jin ƙauri."

Bai rufe baki ba kwamfutar ta ɗauke. Ya ajiye kofi, ya leƙa cikinta, ya ɗago wata 'yar waya tana lilo. "Wannan fa, gwani? Ba ka jona fankar ba, ko juyawa ba ta yi ba."

Kwamfutar ta sha da ƙyar. Ni ne ban sha ba. Har yau in aka ɗauke wuta, fankar ɗaki ta tsaya, gumi ya fara zuba, sai Hauwa ta ɗaga kai ta ce, "Masha Allah, maigida, irin taka ce. Ji shiru!"