Rasuwar Madam Kilasik, Wayar da Aka Yi wa Banda a Lagdo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari marayu, ni Ridwan, ɗan marigayi Alhaji Abdussalam mai kifi na nan Garwa, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar wayata, wadda aka fi sani da Madam Kilasik. Ta cika ranar kasuwar Lagdo da ta wuce, da sauko da ita daga kan ragar banda, inda ta kwanta tsakanin tarwaɗa da karfasa, bayan gajeruwar rashin lafiya da doguwar jinya.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce waya ce kawai, a sayi wata. Don haka dole in yi bayani. Mahaifinmu ya bar mana a-kori-kura guda ɗaya, ni da yayana Shu'aibu. Malaman rabon gado suka zagaya ta, suka leƙa ƙarƙashinta, suka ce ba ta rabuwa sai da zarto. Shi ke nan muka zama tare muke zuwa Lagdo ɗauko bandar kifi, shi a sitiyari, ni a gefe. Sai dai tun rasuwar Baba, ni da Yaya ba ma magana. Sallama muke yi ta fita hakki, sannan kowa ya kama bakinsa. In yana so in ɗaga gilashi, sai ya bari mun dawo gida ya gaya wa ƙanwarmu Sharifa, ita kuma ta gaya mini washegari.

Rediyon motar bai tsira daga wannan zaman ba. Yaya ya murɗa wa'azi, ni in murɗa waƙar Fulatanci, ya mayar, in mayar, har maɓallin ya fita a hannun ɗayanmu. Ba zan faɗi ko hannun wa ba, yau ranar makoki ce.

A cikin wannan hali marigayiya ta karɓi aikinta. Nadège, mai rumfar sayar da data a bakin kasuwa, wadda take waƙa a cocinsu, ita ta sa mini wata manhaja a wayar, ta kuma haɗa ta da lasifikar mota. Ran nan muna hawa gadar Binuwai yatsana ya taɓa wani wuri, sai motar ta cika da kiɗan Turawan da, wanda suke kira kilasik. Goge ne da ya fi na ƙasar nan duka yawa, ana ja lokaci guda, ba mawaƙi, ba wanda ake yi wa kirari, ba inda mutum zai tsaya ya yi liƙi. Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Na saci kallon Yaya, na ga shi ma ya yamutsa fuska. Wannan ne abu na farko da ra'ayinmu ya zo ɗaya a kansa tun bayan Baba, saboda haka ba wanda ya kashe.

Jama'a su shaida, marigayiya mai kirki ce. Ba ta taɓa goyon bayan kowa ba. Da an tayar da mota za ta ce "tulun, konekte," wato ta haɗu da lasifika, cikin ladabi, ta shiga aikinta ba tare da ta tambayi wa ya yi wa wani laifi ba. Tana da haƙuri, don kiɗa ɗaya takan ja shi daga Garwa har mu hango ruwa, kuma duk inda ka ɗauka ya ƙare, nan ne ma ya fara. Tana da basira, don sau da yawa gangarta takan buga daidai lokacin da taya ta faɗa rami. Yaya da kansa ya aiko da fatawa ta bakin Sharifa cewa wannan ba kiɗa ba ne, tunda ba mai hankalin da zai iya taka rawarsa, saboda haka babu zunubi a ciki.

Ta ɗaga darajarmu a hanya. Wani dattijo ya taɓa sauka daga kekensa ya cire hula da muka wuce, yana zaton ko dai gwamna ne ko gawa. Matan da ke sarin kifinmu sun ce tarwaɗarmu ta fi ta kowa natsuwa a tukunya. Aibinta ɗaya ne, ba zan ɓoye ba: akwai wani kwari tsakanin duwatsu inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake ɗaukewa, sai ta yi tsit, wani ɗan zobe ya riƙa juyawa a fuskarta. A wannan wurin nakan ji numfashin Yaya, shi ma yana jin nawa. Shi ya yi tari, ni in gyara hula, har Allah ya kawo rezo.

Ciwon ajali ya fara ne da zafin bazara. Kowa ya san ranar Garwa ba ta wasa. Cikinta ya kumbura, bayanta ya ɗaga, ta riƙa suma da tsakar rana. Na sha dawowa daga ɗaure kwanduna in tarar an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma kamar tulu. Mu biyu ne a motar, kuma ba ni na lulluɓe ta ba.

Ranar da abin ya faru, na sunkuya duba kifi a bakin ruwa, ta zame daga aljihuna ta faɗa bahon da ake wanke tarwaɗa. Kafin in gama salati, Henriette, matar da take yi mana banda tun zamanin Baba, ta tsamo ta, ta kaɗe ta, ta ce, "Patron, kwantar da hankali. Ba a taɓa kawo mini jiƙaƙƙen abu ya fi ƙarfin bandata ba." Ta kwantar da ita a kan raga, ta rage wuta, ta ƙara ɗanyen itace don hayaƙi ya shiga sosai. Da lokacin juya kifi ya yi, ta juya ta tare da su. Ba mai zargin Henriette, aikinta ta yi, kuma ya yi kyau. Marigayiya ta fito ja-jawur, a bushe, tana ƙamshi.

Ta farka sau ɗaya a tafin hannuna. Goge guda ya fito daga bakinta, siriri, "iiii," ya ɗan yi sama, ya shaƙe. Habib mai gyaran waya ya karɓe ta da hannu biyu, ya sunsuna, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya tambaya ko akwai yaji.

Ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin roba, da abin sawa a kunne wanda kunnensa na hagu ya daɗe da kurumcewa, da lasifikar mota da har yanzu take jiran a ce mata "konekte". Ta bar layin waya, wanda ya tsira amma bai dawo hayyacinsa ba. Ta bar kyanwar Henriette, wadda ta bi motarmu har bakin titi. Ta kuma bar maza biyu a gaban mota ɗaya, ba abin da zai shiga tsakaninsu.

Dawowarmu daga Lagdo ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Gawar tana kan cinyata a cikin leda, duk hanyar ta koma wancan kwarin. Na yi ta lissafin yadda zan bar wa Yaya motar in koma bin haya, don ba zan iya wannan shirun duk mako ba. Sai da muka tsaya a ƙofar gida, ya kashe mota, bai fita ba. Yana kallon sitiyari ya kira sunana, da bakinsa, ba ta hannun Sharifa ba.

Ya ce, "Ranar jana'izar Baba kana hanyar dawowa daga Kusiri. Rana ta yi zafi, liman ya matsa, ban jira ka ba. Da na jira." Ya nuna ledar da haɓa. "Wannan ni zan haƙa mata. Ba za a rufe ba sai kana tsaye."

Kuka ne ya zo mini, kuma na bari a ɗauka na wayar ne.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin darbejiyar bayan gidanmu. Liman ya ce kada a sa shi cikin wannan shirme, saboda haka babu salla. Mata su samu Sharifa a cikin gida, wadda daga yau ta ajiye aikin kai saƙo. Henriette ta ɗauki nauyin abincin sadaka, ana roƙon masu ci su duba abin da suke taunawa. Masu kyanwa su ɗaure abinsu. Masu niyyar kawo mana sabuwar waya, mun gode, a dakata tukuna.

Ni kuma a ranar zan je Pitowa kai kifi, mai yiwuwa in makara. Kada kowa ya tashi. Za a jira ni.