Nomau da Faifan Faks ɗin Hajiya Tabawa

A shekarar da Hajiya Tabawa ta ƙudurta saka faks a gidanta, ta yi asarar faifai ɗaya, da man janareto jarka guda, da kuma sirrinta, wanda aka baza a tsakiyar kasuwa da ganga. Abin da ta samu kuwa shi ne zuma ƙwarya biyu, da farashin zoɓon da ba a taɓa ba wa mace ba a garin Ɗanbaure. In aka tambaye ta, cewa take yi ba ta faɗi ba.

Mijinta ya rasu ya bar mata gida, da sito cike da buhunan zoɓo, da wayar tarho, da wata kwamfuta da ya sayo a Kano ya lulluɓe da zane. Ya kuma bar mata ƙaninsa Nomau, wanda ya haura arba'in yana kwana a ɗakin zaure. Nomau ba ya ƙarya, ba ya sata, ba ya ƙin aike, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. An taɓa ce masa ya ɗaure akuya a inuwa, ya wuni yana kwance ta yana sake ɗaurewa, saboda inuwar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Hajiya ba ta yi boko ba, sunanta da lambobi kaɗai take ganewa a takarda, amma a ciniki har maza tsoronta suke ji. Damuwarta ɗaya ce. Manyan masu sayen zoɓo na Legas ba sa zuwa da kansu, farashi suke turowa ta faks, wato wayar da ke kawo takarda. Faks kuwa ɗaya ne tal a garin, a shagon Sabi'u, surukin Alhaji Mudi dillali. Kafin takarda ta huce Mudi ya san abin da ke cikinta, sai ya zagayo gidajen mata ya taya yadda ya ga dama. Ga damina ta matso, zoɓo kuwa da ya sha danshi ya yi baƙi, ya tashi daga kaya. Da Hajiya ta ji cewa kwamfuta ma tana iya aikin faks in an haɗa ta da waya, sai ta aika a kira Malam Hashimu, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata.

Malam ya zo ya yaye zanen, ya soka igiyar tarho a bayan injin, ya yi ta danne-danne. Abu ya fara tafiya, sai ya tsaya cak, wani ɗan akwati ya fito a kan gilashin.

Hajiya ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce akwai fayilolin da take buƙata, ta duba cikinta ba ta same su ba. A saka mata faifan da aka sayar da ita da shi."

"To ka ce mata ta sake dubawa. Marigayi bai sayi rabin kaya ba."

Malam ya yi dariya, ya danna, akwatin ya sake fitowa. Ya ce shi zai koma aji, amma Nomau ya fito masa da duk abin da ya zo tare da kwamfutar, kada ya bar komai.

Wata rana da hantsi Malam ya dawo, ya tarar da zaure a cike. Ga kwali, ga farin soson da ke cikin kwalin, ga igiyar da aka ɗaure shi da ita, ga buzu a shimfiɗe, ga kuma wani mutum zaune a kan buzun yana huci.

Malam ya ce, "Wannan fa?"

Nomau ya ce, "Direban da ya kawo ta ne. Da ƙyar na samo shi a tasha. Buzun kuma na ragon da suka zo mota ɗaya ne, shi an riga an yi layya da shi."

Direba ya ce, "An ce min ana nemana kan kayan marigayi, na bar fasinja a mota! Ni ban ɗauki komai ba!"

Hajiya ta leƙo ta ba shi haƙuri, ta sa aka kawo masa fura. Da ya nemi kuɗin lodin da ya rasa, ta ce furar da nono aka dama ta, ba da ruwa ba. Aka zazzage kwali, babu faifai. Malam ya ce a ci gaba da nema, kuma kada a kashe kwamfutar, don in ta mutu sai an koma farko. Ya ƙara da cewa ba ta son zafi.

Wata rana Hajiya ta dawo daga barkar suna a ƙauye, inda ta kwana, tun daga bakin layi ta ji janareto yana ruri. Ashe tun fitarta aka ɗauke wuta, Nomau ya tayar da shi, ya juye masa jarkar man da ta ajiye don injin markaɗe. Ta shiga ɗakin marigayi ta same shi zaune gaban kwamfuta, mafici a kowane hannu, ido ya yi ja.

"Nomau! Man nawa?"

"Yana cikin janareto, Hajiya. Amma ko sau ɗaya ba ta mutu ba."

"Ka ci abinci?"

"Wa zai riƙe min fifitar?"

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga yadda ya galabaita, sai ta fasa. Ta zubo masa tuwo, ta karɓi mafici ɗaya ta zauna tana yi wa injin fifita da kanta, tana harararsa. Akwatin nan yana nan a kan gilashi, yana neman abin da yake nema.

Wata rana Malam ya gaji da binciken akwatuna da ƙarƙashin gado, ya zauna ya zana da'ira a ƙasa da yatsa. Ya ce abin nan kamar murfin ƙaramin kwano yake, da huda a tsakiya, yana ƙyalli kamar madubi.

Nomau ya ce, "Au, wannan? Ai yana wurina."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Yana wurinka, muke ta wahala? Ba an ce ka fito da duk abin da ya zo da ita ba?"

"An ce. Amma Yaya ya riga ku magana. Shi ya ba ni ya ce in ajiye inda ba wanda zai taɓa shi. Ni ma ai mutum ne."

"To ina ne inda ba wanda zai taɓa?"

"Cikin amya, kan tsamiyar gona."

Ko Hajiya ta san ba ɓarawon da zai kai hannu gidan ƙudan zuma. Ta ce masa mai ajiya ya rasu, ita ce a madadinsa, ta ba shi izini. Nomau ya ɗauki harawa da ashana don yi wa ƙudan hayaƙi, ya tafi. Da la'asar ya dawo, leɓe ya kumbura, ido ɗaya ya rufe, yana ɗauke da zuma ƙwarya biyu. Faifan yana tsakiyar saƙa, ƙudan sun cinye takardar da aka naɗe shi sun yi gini a kansa. Malam ya ɗaga shi da yatsu biyu, zuma na ɗiga. Ya ce ba mamaki ya yi aiki, a dai wanke shi tas, kada a bar komai a jikinsa, gobe zai zo ya gwada.

Kashegari Nomau ya miƙo masa faifan da fara'a. Malam ya ɗaga shi sama, ya hango reshen darbejiya ta cikinsa. Nomau ya sa toka da yashi da soson ƙarfe, ya dirje zumar, ya dirje rubutun, ya dirje ƙyallin, ya bar farar roba garau.

"Ƙyallin nan ne ya fi ba ni wahala," in ji shi. "Amma ya fita."

Malam ya zauna a kan kwali ya dafe kai. Da ya dawo hayyacinsa ya yi wa Hajiya bayani cewa fayilolin a cikin ƙyallin suke, yanzu suna makwarara. Ya ɗan taɓo maganar ladan zirga-zirgarsa. Hajiya ta ce lada sai aiki ya tashi, amma ta cika masa kwalba da zuma, ta gaya masa nawa ake sayar da irinta a kasuwa don ya san abin da aka ba shi.

Malam ya ce saura dabara ɗaya. Ba dole sai faifan marigayi ba, duk mai kwamfuta irin wannan yana da irinsa, aro kawai za a yi na yini ɗaya. "A tambayi kowa da kowa," in ji shi. Hajiya ta ja Nomau gefe ta ce ya ji dai, ya tambaya, amma kada Alhaji Mudi da Sabi'u su shiga cikin maganar, ba da su ake ba.

Wata rana, ranar kasuwa, Hajiya tana tsakar gida tana tsince zoɓo, sai ta ji ganga daga nesa, da muryar Ɗan'azumi mai shela. Nomau ya yi lissafi ya ga ƙafarsa ba za ta kai ga kowa da kowa ba, mai shela ne kaɗai ke iyawa. Da Ɗan'azumi ya tambaye shi me za a yi da faifan, ya gaya masa duk abin da ya sani.

"Jama'a, a saurara! Hajiya Tabawa tana neman aron faifan kwamfuta! Za ta saka faks a gidanta, ta sayar da zoɓonta kai tsaye ga mutanen Legas, ba dillali! Saura faifai kawai! Alhaji Mudi da Sabi'u mai shago, ku toshe kunnuwanku, an ce ba da ku ake ba!"

Faranti ya suɓuce daga hannun Hajiya. Ta ji kasuwa ta ɗauki dariya har cikin gidanta. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, tana tunanin yadda Mudi zai yi fushi ya ƙi taya kayanta, ga faks babu, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da Nomau ya shigo ta ce, "Ka kashe ni."

Ya ce, "Na ce a cire su, Hajiya. Kin ji ai an cire su."

Kafin azahar sai ga sallama. Gwaggo Laraba ce, mai zoɓo buhu uku, ta ce in injin ya tashi a haɗa da nata. Bayanta sai matar liman, sai 'yan matan gidan Sarkin Fawa da saƙon uwarsu, sai wasu daga ƙauye da suka ji shela a kasuwa. Kowacce cewa take ta gaji da tayin Mudi, za ta riƙe kayanta ta jira Hajiya. Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta sa aka shimfiɗa tabarmi, ta karɓe su kamar dama ita ta shirya abin. Faifai kam ba wanda ya kawo.

Bayan la'asar Alhaji Mudi ya yi sallama a zaure, shi da bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba sai dai ya aiko. Ya zaga gidaje ya tarar kowace mace ta ɗaure bakin buhunta, shi kuwa ya riga ya yi wa mutanen Legas alkawarin mota guda.

"Hajiya, ashe abin har da shela? Ni da marigayi fa tare muka tashi."

"Allah ya jiƙansa. Ai an ce ka toshe kunne, Alhaji."

Ya yi 'yar dariya, ya juya wurin Nomau, don ya san shi ba ya ƙarya. "Nomau, tsakaninka da Allah, injin nan ya fara aiki?"

Hajiya ta zuba wa Nomau ido.

Nomau ya ce, "Malam ya ce saura abu ɗaya."

"Abu ɗaya?"

"Ɗaya tak. Ya ce yana shiga, shi ke nan."

Mudi ya cire hula ya share gumi. Ya ce to, don zumunci, dubu biyu kowane buhu, wato ƙarin ɗari biyu kan na da.

Hajiya ta ce, "Albarka."

"Dubu biyu da ɗari uku. Hadari fa kike gani."

"Ina ganinsa. Motarka ma tana ganinsa. Dubu uku."

"Haba Hajiya! So kike in sayar da rigata?"

"Rigar ba za ta kai ba. Nomau, je ka duba injin nan, ko yana son fifita."

Nomau ya miƙe da gaske ya ɗauki mafici. Mudi ya bi shi da kallo har ya shige, ya ce dubu biyu da ɗari shida, wallahi daga nan ba ya motsi. Hajiya ta dubi gabas ta ƙofar zaure, ta ga hadarin ya ƙara duhu, ta tuna farar robar nan da aka dirje, ta kuma ji matan da ke tsakar gida sun yi tsit suna saurare.

Ta ce, "Dubu biyu da ɗari bakwai, nawa da na duk matan da ke cikin gidan nan, kuɗi hannu, dako naka. In ka yarda, na sallama."