Rasuwar Dudu, Injin Bandar Kifi ta Warra

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, kuma fushi ya hau samansa ya zauna, ni Murja Shu'aibu ta Warra, ɗalibar ajin ƙarshe a jami'a, nake sanar da 'yan uwa, masunta da matan bakin ruwa rasuwar injina ta bandar kifi, wadda kowa ya sani da suna Dudu. Ta cika a barandar cibiyar tallafa wa ɗalibai masu sana'a ta jami'armu, bayan doguwar jinya wadda babu wanda ya kai mata ko ruwa, sai na sama.

An haifi marigayiya a Yelwa, a rumfar Jabir mai walda. Jikinta tsohon durom ne, huhunta fankar mota, a kanta kuma faifan sola. Na tsara ta ne saboda Inna Kulu, mahaifiyata, wadda hayaƙin banda ya cinye mata ido har ta fara gane mutane da murya. Dudu ta ɗauke mata wannan azaba. Gawayi kaɗan take ci, hayaƙinta ta bututu yake fita, tarwaɗa da karfasa su fito jajir ba ƙauri. Ba ta da surutu. Da safe ta ce "firrr", in ta ƙoshi ta ce "ƙyas", shi ke nan. Matan unguwa suka riƙa kawo nasu kifin, 'yan sari daga kasuwar Yauri suka san ƙofar gidanmu. Idon Inna ya daina zubar da ruwa.

Ciwon ajali ya same ta ranar da Daraktan cibiyar ya ji labarinta. Ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya ce da ni 'yata.

"Kawo ta baje koli," in ji shi. "Akwai tallafi mai kauri yana tafe. Irinku muke nema."

Inna ba ta so ba. Ta ce, "Murja, mutanen ga shin sun taɓa cin kifinmu? Bar mani abina." Na lallashe ta da cewa sati guda ne. Muka ɗora Dudu a akori-kura tana da ƙoshin lafiya.

A can aka yi mata wanka, aka shafe ta da fenti, aka rubuta sunan cibiya a ƙirjinta da manyan baƙaƙe. Darakta ya dafa ta aka yi hoto, ya gaya wa baƙi cewa a ɗakin bincikensu aka raine ta. Ina tsaye a gefe an ba ni faranti in raba kifi. Aka tafa, aka cinye, aka watse.

Tallafin ya zo, wannan ba ƙarya ba ne. Mun gan shi ya zama taron bita a otal, ya zama riguna masu tambari, ya zama sabon labule a ofis. Abin da ya rage aka ba wani ɗalibi, ɗan abokin Darakta, wanda sana'arsa har yau ba ta sauko daga allon majigi ba. Ni an ba ni takardar yabo mai ruwan zinari, an rubuta sunana ba daidai ba.

Na ce to a ba ni injina. Darakta ya daina ce mini 'yata.

"Malama, duk abin da ke ɗauke da sunan cibiya kayan jami'a ne. Sai kwamiti ya zauna."

Kwamitin bai zauna ba. Damina ce ta zauna, a kan Dudu. Batirinta ya koma ofis yana cajin wayoyi, fankarta ta bi wani gida, faifan sola ya yi ɓatan dabo. Tsatsa ta kama ta daga ƙafa har wuya. Ranar da na je dubiya ta ƙarshe na taɓa ta, ba "firrr" ba "ƙyas", sai wani ƙadangare da ya fito daga cikinta ya dube ni. A makon jiya, da za su yi baƙi suna son baranda, suka tuna ashe tawa ce, suka ce in zo in kwashe.

Marigayiya ta rasu ta bar Inna Kulu, wadda ta koma tsugunne gaban murhu tana share ido da gefen zane. Ta bar matan unguwa da kifinsu ke ruɓewa in kamu ya yi yawa, da Jabir wanda ya ga gawar ya juya baya. Ta bar hotuna masu yawa a bangon cibiya, dukkansu cikin ƙoshin lafiya.

Masu son ta'aziyya su sami Inna a gida da hantsi. Su yi sallama da ƙarfi, su faɗi sunansu. Ba ma karɓar ta'aziyyar kwamiti, ko da ya zauna.

Game da jana'iza: ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce. Za a miƙa ta ga 'yan gwangwan a Yelwa ranar Talata. Amma kafin nan akwai rakiya. Cibiya ta aiko tana gayyatata ranar Litinin in yi wa sababbin ɗalibai jawabi kan yadda ta ɗaga sana'ata, kuma na amsa. Jabir ya samo amalanke, matan unguwa sun ce da su za a je. Za mu lulluɓe gawar da mayafi mu shigar da ita babban zauren taro, mu ajiye ta gaban teburin manya, dab da ruwan roba da furanni. An ce in yi magana a taƙaice. Ba zan ce komai ba, zan ɗaga mayafin kawai.