Miyar Kazar da Ta Sa Aka Tausaya Mini

Shekarar da ruwan dam ɗin Goronyo ya ba ni albasa har na rasa wurin ajiya, ita ce shekarar da likita ya dubi tumbina ya ce in rage maiƙo. Na dawo gida na ce wa maiɗakina ta huta, yau zan nuna mata girkin masu ilimi.

Na yanka zakara, na saɓule fatar na jefa wa kyanwa. Duk maiƙon da ya taso na kwalfe, man gyaɗa kuwa na hana shi kusantar tukunyar. Maiɗakina ta leƙa ta ce, "Malam, wagga za ka fitarwa wurin ciyayya?" Na ce ai su ma su koya.

Bayan magariba na dire kwanon gaban maƙwabta ina jiran yabo. Baba Sidi, dattijon unguwa, ya buɗe, ya haska tocila, ya mayar da murfi a hankali. Na ɗauka burge su na yi.

Da safe na tarar da kwalabe huɗu na man gyaɗa a zaure. Baba Sidi ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, mi yas samu albasar taka? Shiga wani hali ba abin kumya ba na."

Na rantse umarnin likita ne, na buɗe musu rumbu su ga albasa, duk a banza. Har yau in za a raba zakka a unguwarmu, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "An dai sa sunan mai albasa?"