Sunan da Ban Faɗa Ba a Kabo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kabo ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina. Na sha jin kunya a duniya (malamin firamare ne ni a Gwarzo, kunya kuwa kusan tana cikin sharuɗɗan aikin), amma duk sauran in na tuna dariya nake yi. Wannan ce kaɗai in na fara dariyar sai ta yanke.

Bari in fara da Babana, don daga wurinsa maganar ta taso. Manomi ne a Getso, gero da dawa da wake, tun tasowarsa. Da idonsa ya tafi sai duniyarsa ta koma masallaci, tabarmar zaure, da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Kowace yamma bayan la'asar akwai shirin manoma a gidan rediyon gwamnati, mai gabatarwar kuwa wani ne da kowa ke kira Mai Garma. Murya gare shi mai kauri, a natse. In ya ce, "Manoma, barkanku da war haka," sai ka ga Baba ya gyara zama ya amsa, "Barka kadai," kamar a gabansa mutumin yake. A ƙarshen shiri yakan gaida manoma da sunayensu, wane a Kutama, wane a Kara. Baba ya haddace su duka. Nasa sunan ne kawai bai taɓa fitowa ba.

Duk ranar da na je gaishe shi sai ya tayar da zancen. "Kai da kake da waya, kana kuma shiga birni, ka sa mutumin nan ya gaishe ni mana. Sau ɗaya tak. In ji sunana a bakinsa kafin a kira ni." Yakan faɗa yana dariya, don kada in ɗauka roƙo ne. Roƙo ne kuwa, na kuma sani.

Ni kuma in ce, "To Baba, in sha Allahu," in fito in hau babur ina ƙunƙuni. Domin ni da Mai Garma akwai gaba a tsakaninmu, gabar da shi bai ma san da ita ba. A lokacin wani saƙo ya zagaya wayoyin malamai, wai ga irin albashi da alawus da manyan masu gabatar da shirye-shirye ke kwasa a gidan rediyon. Ban san wanda ya rubuta ba, ban tambaya ba, na dai gaskata tun kafin in kai ƙarshensa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Gidan nan da kuɗin jama'a ake tafiyar da shi, da harajin mai tumatir da na mai faci da nawa. Ni ina tsaye gaban ajin da yara suka cika har bakin taga, muryata na dishewa kafin azahar, wata bai raba ba aljihuna ya yi fayau. Shi kuwa yana zaune a ɗaki mai sanyi yana gaya wa manoma damina ta kusa, abin da ko akuyar gidanmu ta sani. Sai na yi wa tashar yaji, na daina kama ta kwata-kwata (ina jira, ina ga, ta biyo ni biko). A teburin mai shayi har suna aka sa mini, Lauyan Talakawa. Da an ce rediyo sai a matsa mini wuri, a ƙaro shayi, a bar ni in yi ta yi.

To, ranar Asabar ɗin nan hedimastanmu, Malam Sabi'u, ya aiko cewa babur ɗinsa ya lalace, in taimaka in kai shi Kabo ta'aziyya gidan wani ɗan uwansa, Alhaji Bala. Kun san yadda muke yi. An ce ta'aziyya, ka sa hula ka bi. Ban tambayi wa ya rasu ba, namiji ko mace, babba ko yaro. Ladan kawai na hango.

Muka tarar da ƙofar gida cike, tabarmi har ƙarƙashin darbejiya. Malam Sabi'u ya wuce can wajen dattawa, aka yi addu'a, muka shafa. Ni kuma na raɓa gefe inda na ga fili, kusa da wani siririn mutum mai furfura da ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Rigarsa duk ta yamutse, kamar a cikinta ya kwana. Na miƙa masa hannu, ya karɓa bai ɗago ba. A raina na ce maƙwabci ne.

Da an bar ni haka da na tashi da mutuncina. Sai wani bawan Allah a gabana ya ce wa na kusa da shi, ai shi a rediyo ya ji sanarwar rasuwar. Kalmar ta faɗo kunnena, Lauyan Talakawa ya farka.

Na ce, "Wace rediyon? Ta gwamnati? Hmm."

Ba wanda ya tambaye ni ma'anar "hmm" ɗin, amma na bayar. Na fara ƙasa-ƙasa saboda wurin makoki ne, sai dai muryar malamin firamare ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Na kawo haraji, na kawo alawus, na kawo ɗaki mai sanyi. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya yi gyaran murya. Na ɗauka maganar ce ke shigarsu. Daga can nesa na hango Malam Sabi'u yana zaro mini ido yana girgiza kai, na ɗauka takaicin zaluncin ne ya kama shi shi ma, sai na ƙara wuta.

Na ce, "Ku ɗauki Mai Garma kawai. Irin waɗannan sun san ciwon rayuwa? In matarsa ta yi atishawa jirgi zai sa ta, sai ƙasar waje. Mu namu matan a kan benci suke kwana a asibiti. Ga Babana can a Getso, ba ido, yana sayar da wake yana sayen batir don ya ji shi, amma ko sau ɗaya bai taɓa ambatar sunansa ba." (Kamar na taɓa aika masa sunan.) Har na juya wajen siririn mutumin nan na taɓa gwiwarsa, na ce, "Ko ba haka ba, Malam?"

Carbin dai ya tsaya a hannunsa.

Ana haka motoci suka tsaya, wasu mutanen birni suka fito. Na zaci wajen dattawa za su nufa, sai na ga sun ratso tabarmi sun yo inda nake. Har na fara gyara hula. Suka durƙusa gaban siririn mutumin, babbansu ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Alhaji, ya haƙuri? Ashe Hajiya lokaci ya yi."

Mutumin ya ɗago ya ce, "Da godiya. Allah ya ba ku lada, kun sha hanya."

Jama'a, muryar nan. A dishe take, ta sha kuka, amma ko a cikin barci aka tashe ni da ita zan gane ta. Ita ce ke cika zauren Babana kowace yamma. Alhaji Bala a gida, Mai Garma a rediyo, matar da na ce tana atishawa a sa ta a jirgi kuwa ita muka zo wa ta'aziyya. Duk wanda ke kama tashar ya ji sanarwa. Ni da na yi yaji ne kaɗai ban ji ba.

Ban san yadda aka yi addu'ar ba. Na ɗaga hannu tare da kowa, amma abin da nake roƙo daban, ƙasa ta tsage in shige. Da baƙin suka matsa sai ya juyo ya dube ni. Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Idonsa jajir, amma babu fushi a ciki.

Ya ce, "Malam, maganar albashi ban ce ƙarya ka yi ba. Ya fi naka nesa ba kusa ba, kuma ni kaina ba a taɓa gamsar da ni cewa hakan daidai ne ba. Jirgin ma gaskiya ne. Na sa ta a jirgi, na kai ta iyakar inda kuɗin suka iya kai ta." Ya nuna yamma da haɓarsa. "Jiya muka kai ta nan maƙabartar bayan gari, kusa da kowa."

Lauya guda, ko "yi haƙuri" ta gagare ni.

Sai ya ce, a hankali, "Yaya sunan Baban naka?"

Ga abin da Baba ya shekara yana roƙona ya zo har gabana, ba sai na je birni ba, ba sai na roƙi kowa ba. Kalma biyu kawai zan faɗa. Amma kunya ta riga ta rufe ni, ba abin da nake so a duniya sai in ɓace daga gaban mutumin nan. Na yi kamar ban ji ba, na miƙe, na zura takalmi, na ta da babur. Na yi nisa a hanyar Gwarzo kafin in lura da abu biyu: takalman ƙafata ba iri ɗaya ba ne, kuma na baro hedimasta a Kabo. Ranar Litinin Malam Sabi'u bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ƙafa ɗaya ta liman ce, yana nema."

Da na je Getso, tun kafin in gama gaisuwa Baba ya ce, "An ce ka je Kabo. Ka ji matar Mai Garma ta rasu? Allah sarki, bawan Allah. Ka gan shi?" Na ce taron da yawa, Baba. Ya ce haka ne, mutumin jama'a ne, ya yi wa mamaciyar addu'a mai tsawo kamar 'yarsa. Ina zan iya gaya wa mutumin da ya hore mu ko murmushi kada mu yi a gidan makoki abin da ɗansa ya je ya zuba?

Aka ɗauki lokaci wani ne ke gabatar da shirin. Ranar da Mai Garma ya dawo, Allah ya sa ina zauren. Baba har da tafi. Aka yi maganar taki, aka yi ta tsutsar wake, aka zo gaishe-gaishe. Bayan ya gama jero sunaye sai ya ce, "Akwai kuma wani dattijo a Getso, manomi, idonsa ya tafi amma kunnensa na tare da mu. Ban samu sunansa ba. Baba, in kana ji na, ina gaishe ka, ka yafe mini jinkiri."

Baba ya ɗago rediyon ya manna a kunne. Ya juyo da fuskarsa saitin da nake. "Kai ne ka…" Sai ya katse kansa, ya yi 'yar dariya. "A'a. Da kai ne ai da ka ba shi sunana. Malam Audu ne na bakin kasuwa, shi ma idon ya tafi. 'Ya'yansa akwai ƙoƙari." Ya ajiye rediyon a hankali ya ce, "Ya ji daɗinsa."

Na ce, "Ƙila shi ne, Baba."

Na yi niyya, wallahi na yi niyya. Na ce da an yi hutu zan je gidan rediyon da kaina, in ba shi haƙuri, in ba shi sunan. Kullum in na tuna idon mutumin nan sai in ɗaga zuwa wani makon. Baba bai jira hutu ba. Ya rasu kafin a yanke gero, rediyon na gefen matashinsa.

A zaman makokinsa ni ne na koma gefen tabarma da yamutsattsiyar riga. Wasu baƙi biyu da suka rako wani suka zauna kusa da ni suna ta musu a kan farashin taki, ba su san ni ne ɗan mamacin ba. Ban ji haushinsu ba ko kaɗan. Har ruwa na miƙa musu.

Ra'ayina a kan albashin nan bai canza ba, in gaya muku gaskiya. Har gobe ina ganin bai kamata mai magana a ɗaki mai sanyi ya ninka mai magana a aji ba, tunda aljihu ɗaya ke biyanmu, kuma shi kansa bai musa ba. Amma na ajiye lauyanci. Yanzu in aka ce in raka wani ta'aziyya, tun kafin in ta da babur nake tambayar wa ya rasu, wa kuma aka yi wa rasuwar. In na je in ce amin, in duba takalmina da kyau, in tashi. In kuma aka tambaye ni abu, ina amsawa tun mai tambayar da wanda ake tambaya dominsa suna raye.

Sunan Babana Malam Isiyaku. Kalma biyu ce da ma, ga shi na faɗa muku ba ta ɗauke ni komai ba.